Bokitin Gindin Tsani

Da ku nake, masu zuwa ƙofar gidanmu kuna cewa a ɗauke ku aiki, wai ai fenti ba ya buƙatar koyo, tsoma buroshi ne a goga. Na gaji da yi wa kowa bayani shi kaɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ba shi da haƙurin karanta wannan har ƙarshe, ya nemi wata sana'ar, don ba zai yi haƙurin kankare katako ɗaya ba. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Sunana Barira. Mahaifina Malam Sabo mai fenti ne, a Panshekara muke zaune, kuma tun kafin a haife ni yake bin gidajen manyan ma'aikatan kamfanoni a Bompai da Sharaɗa da Challawa yana gyara musu fenti. Mu biyar ya haifa, duk mata. Da na gama sakandare lissafi ya kayar da ni, zaman gida kuma ba na iyawa, sai na ce zan riƙa bin sa wurin aiki. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su yi, ai ba su ke ba mu tuwo ba. Ya yarda, amma da sharaɗi guda: ƙafata ba za ta wuce mataki na uku na tsani ba.

Shekarata ta farko ban shafa wa ko bangon bayan gida fenti ba. Wankin buroshi nake da kananzir har fatar hannuna ta tsage. Ina tace fenti da tsohon gidan sauro don kada gudaji su bi buroshi. Sai riƙon tsani. Ku da kuke ganin riƙon tsani zaman banza ne, ku gwada awa uku ƙafarku ɗaya a kan matakin ƙasa, hannu biyu a jikin tsani, ido a sama, ɓawon fenti yana zubo muku a fuska, ba damar juyawa ko da mota ta yi karo a bayanku. Ran mutum ne a hannunka. Sau ɗaya na saki hannu na kori ƙuda, Baba ya sauko, ya naɗe kaya muka koma gida da rana tsaka. Kwana uku bai tafi da ni ba.

Aikin da ya fi kowanne wuya shi ne katakon bakin kwano. Tsofaffin gidajen Bompai, waɗanda aka gina wa manajoji tun zamanin da, rufinsu kwano ne mai fitowa waje sosai don ya yi wa bango inuwa. An bi bakin kwanon da faffaɗan katako, an kuma rufe ƙarƙashinsa da wasu siraran katakai. A duk gida babu abin da rana da ruwa suke ci kamar wannan katakon. Fentin da ke kansa kuma ba ɗaya ba ne. In ka kankara za ka ga kore, a ƙasansa fari, a ƙasan farin ruwan toka, kowane manaja da launin da matarsa ta zaɓa. In ya tsufa sai ya tsattsage kamar bayan kada, ya tattashi kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ka ɗora sabo a kan wannan, damina ɗaya za ta kwaɓe maka shi, mai gida ya riƙa kiran sunanka duk sanda ya ɗaga kai.

Kafin komai sai ka ƙwanƙwasa katakon da ƙotar guduma, taku-taku, kana saurare. Lafiyayye yana amsawa da ƙarfi. Wanda gara ta cinye cikinsa kuwa amsawa yake kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, kuma da ido ba za ka gane ba, don gara ba ta cin fenti, tana bar maka shi a tsaye kamar da gaske. Ka jingina tsani a irin wannan, sai dai a kwashe ka. Bayan ƙwanƙwasa sai kankara da wuƙar kankara, sai samfefa, sai a cike ramuka da foti, a yi shafin farko mai ruwa-ruwa wanda katako zai sha, a bar shi ya kwana, sannan fentin mai sau biyu. Ƙurar tsohon fenti tana da ɗan zaƙi a harshe, kuma ita ce mai murɗa ciki. Jiƙaƙƙen tsumma muke ɗaurawa a hanci, kuma ba a cin ko goro sai an wanke hannu.

Inda fenti ya yi kauri ya ƙi wuƙa, nan ake ɗauko fitila. Fitilar ƙona fenti ce ta tagulla, mai cin kananzir, ana yi mata famfo har ta fara huci, harshenta shuɗi. Ta Baba ta girme ni. Ana bin katako da ita a hankali, fentin ya kumbura ya yi laushi, wuƙa tana biye tana kwashewa. Aikin kwana huɗu sai ta yi shi a ɗaya. Ita ce kuma abin da Baba ya fi tsoro a duk kayansa, fiye da tsani. Dalili, bayan katakon nan akwai kogo, kuma kogon ya zagaye gidan gaba ɗaya har ya haɗu da saman silin. Shekara da shekaru tsuntsaye suna shiga da ciyawa suna sheƙa, tana taruwa tana bushewa kamar audugar rimi. Tsaga mai faɗin farce ta ishi harshen fitila ya leƙa ciki. Ba za ka ga wuta ba, ba za ka ji ƙara ba. Za ta kwanta a ciki tana ci a hankali, sai ka isa gida ka ci abinci sannan rufin mutane ya kama.

Saboda haka Baba yana da dokokinsa. Bokiti cike da ruwa a gindin tsani, ba mai taɓa shi, ko da ƙishirwa za ta kashe mutum. In an kashe fitila kuma ba a tafiya. Sai a zauna awa biyu a ƙarƙashin wurin, lokaci-lokaci ya hau ya bi katakon da bayan hannu yana neman ɗumi, yana shinshina tsagogi. Na tsani zaman nan. Ba hira, ba rediyo, sai kallon sama kamar masu neman wata. Ranar Juma'a kuwa ba ya kunna fitilar sam, don lokacin masallaci zai yanke zaman.

A shekarata ta uku aiki ya mutu. Masaƙu da kamfanonin fata suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kana wucewa ta Sharaɗa sai ka ga ƙofofi da sarƙa, ciyawa ta fito a inda manyan motoci suke tsayawa. Manajojin da ke kiran Baba duk shekara kafin damina suka tattara suka tafi. Ma'aikatan da aka sallama kuma, ba laifinsu ba ne, kowa da iyali, da yawansu suka sayi buroshi da galan ɗaya suka zama masu fenti dare ɗaya. Ba kankara, ba foti, su lafta a kan ɓawo su tafi, a kwana biyu gida yana ƙyalli. Mai gida yana ganin ƙyalli, ina ruwansa da abin da ke ƙasa? Mun yi wata biyu da rabi tsani yana jingine a soro, kaji suna kwana a kai.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, aka kira mu wani gida a Bompai. Tsohon gidan manaja ne, wata 'yar kasuwa, Hajiya Lami, ta saya da kamfanin ya watse. Ba bene ba ne amma dogo ne, an ɗora shi a kan tudun siminti, sai an haɗa tsani biyu an ɗaure da igiya kafin a kai bakin kwano. Duk tagoginsa da ƙarafa, ƙofar gaba ta ƙarfe. Mutum uku ne a ciki: Hajiya, da mai gadi wani mutumin Maraɗi, da mahaifiyar Hajiya da ake kira Iya, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye. An tura mata gadonta jikin taga a ɗakin kusurwar gabas don ta riƙa ganin bishiyar mangwaro. Tun ranar farko ta sa mini suna Gindin-tsani.

"Ke Gindin-tsani, ubanki na sama yana aiki, ke kina ƙasa kina hamma."

"Iya, ku da kuke kwance fa?"

Sai ta yi dariya da rabin baki, ta ce ita ta gama nata aikin tun ba a yi auren uwata ba.

Hajiya ba ta yarda da ma'aikata ba, kuma ba ta ɓoye ba. An taɓa ɗauke mata rediyo da dutsen guga lokacin da aka yi mata aikin famfo. Don haka duk sanda za ta fita, sai ta ajiye wa Iya abinci da buta cike da ruwa a bakin taga, ta sa wa ƙofar baya sakata ta ciki, ta danna wa ta gaba kwaɗo, ta jefa mabuɗi a jaka. Mun saba da irin wannan, ba mu ɗauke shi komai ba.

Fentin gidan ya kai shafi shida, sai da fitila. Kwana huɗu muna yi, mun ci ɓangare biyu. Ranar Alhamis da yamma Hajiya ta tsaya ta dubi katakon da aka kankare, tsirara, baƙi-baƙi, ta ce ita gyara ta ce a yi mata ba ɓarna ba, kuma tana da baƙi ranar Lahadi. In ba za mu gama ba, akwai yaran da suka ce kwana biyu ya ishe su. Baba ya yi mata bayanin damina, ta ce damina ta Allah ce. Da safiyar Juma'a na ga ya sa fitila a cikin buhun kaya. Na dube shi, ya dubi titi.

Ya kunna ta wajen ƙarfe tara, ya bi ɓangaren gabas da sauri irin wanda ban taɓa gani ya yi ba. Sha biyu Hajiya ta kulle gida ta tafi Hotoro dubiya. Sha biyu da rabi ya kashe fitila, saura kamar taku huɗu ya kai saman tagar Iya. Ya zauna bai fi minti ashirin ba, ya hau ya shafa katakon, ya sauko. Tun Laraba babu wuta a unguwar, injin turo ruwa bai tashi ba, famfo ya ƙafe, 'yan garuwa kuma ba sa shiga lungunan Bompai. Sai ga mai gadi da butarsa, ya tsaya a kan bokitinmu ya ce Malam a taimaka. Wa zai hana mutum ruwan alwalar Juma'a? Da mai gadi ya ɗiba, Baba ma ya dubi hannayensa, baƙi ƙirin har gwiwa, ya durƙusa ya wanke, ya yi alwala. Na ce, "Baba, bokitin fa?" Ya ce ya taɓa katakon, ya huce, ni dai in zauna in riƙa kallo. Ya goya mai gadi a babur suka tafi, wayar hannu ɗaya da muke da ita tana aljihunsa. Abin da ya rage a bokitin bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Na zauna a inuwar mangwaro na kwance ƙullin ɗumamena. Ban kai loma biyar ba Iya ta kira ni.

"Ke, wa ke ƙona gona a nan?"

Na ce babu kowa, ƙaurin fenti ne.

"Na san ƙaurin fentinku, kwana biyar yana hana ni cin abinci. Wannan ciyawa ce. Ni 'yar manomi ce."

Na ɗaga kai. Tsuntsayen na fara gani, suna shawagi suna kuka a bakin kwano, su kawo kai kamar za su shiga su fasa. Sai na ga hayaƙin, siriri kamar zare, yana fitowa ta ƙarƙashin tudun kwano. Ba daga inda Baba ya tsaya ba. Ya riga ya yi tafiya ta ciki, yana daidai saman tagar Iya.

Na ruga ƙofar gaba na jijjiga kwaɗon, na san ba zai buɗe ba amma na jijjiga. Na zagaya baya, ƙofar kamar an gina ta da bango. Na fita titi. Wanda bai san Bompai ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi ba, bai san shiru ba. Dogayen katangu hagu da dama, ba mai gadi ko ɗaya a kan benci, ba ɗan acaɓa, ba mai rake. Daga can nesa ina jin lasifika, ko huɗuba ba a fara ba. Na doki ƙofar gidan da ke kallonmu da dutse, kare kaɗai ya amsa. Babban titi tafiyar minti goma ne a guje, kuma ban san wa zan samu a can ba. Na komo.

Hayaƙin ya yi kauri, ya zama biyu. Iya ta tambaye ni ko sun tafi duka, na ce sun tafi. Na ji tana salati ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, da muryarta ta kullum:

"In ba za ki iya ba, ki matsa nesa da bangon nan. Kada a yi biyu."

Abu na farko da na yi wauta ce, kuma ina faɗa don kada ku yi. Na ɗebi ruwa da kwanon abincina na watsa sama daga ƙasa. Ya bugi fuskar katako ya gangaro ya jiƙa bango. Wuta tana ciki, ni ina wanke mata ƙofa. Kwano biyu na ɓatar a haka kafin hankalina ya dawo.

Na jawo tsanin da jan ƙasa, don ba na iya ɗaga shi ni kaɗai, na jingina shi da bango a gefen tagar, ba da katako ba. Babu mai riƙewa. Shekara uku ina gindinsa, na san yadda yake zamewa: ƙafarsa ce take gudu baya a kan siminti. Na ɗauko igiyar buhu na ɗaure matakin ƙasa da ƙarfen tagar Iya, ƙulli uku. Na cire hijabi na yar, na cusa zani a cikin wandon da nake sawa a ƙasa, na tsoma ɗankwali a bokiti na ɗaura a hanci. Guduma mai cire ƙusa da wuƙar kankara na soke a ƙugu. Sai na tsaya da bokiti a hannu, don na gane ba yadda za a yi in zuba ruwa daga bokiti a cikin tsaga da hannu ɗaya ina kan tsani.

Sai na ji abu yana gogar siminti. Iya ce take turo butarta da hannunta mai aiki, kaɗan-kaɗan, har ta kawo ta tsakanin ƙarafa. Butar roba ce shuɗiya, cike.

"Ungo."

"Sallarku fa?"

"Ga bango, zan yi taimama. Hau."

Mataki na huɗu ba shi da bambanci da na uku. Na bakwai ne, inda aka ɗaure tsani biyu, nan yake lanƙwasawa ya dawo kamar yana numfashi. Daga ƙasa ban taɓa sanin haka yake yi ba. Ban dubi ƙasa ba, bango na riƙa kallo, ina ganin kowace ƙwayar yashi a jikinsa. Da na kai sama na rataye butar a ƙugiyar da Baba ke rataye gwangwanin fenti. Abu ɗaya na tuna cikin 'yan maganganunsa na lokacin zaman da na tsana: ba a buɗe wa wuta ƙofa sai ruwa yana hannu, don iska take jira.

Katakon ƙarƙashi ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Na cusa bakin guduma a tsaga na danna. Tsofaffin ƙusoshi suka yi ƙara, tsanin ya motsa, na rungume shi na jira ya tsaya, na sake dannawa. Da katakon ya ɓalle, zafi ya daki fuskata. Ciyawar da ke ciki baƙa ce, tana hayaƙi kawai, amma ina kallo ta koma ja, ta tashi. Wata sheƙa guda ta faɗo tana ci, ta sauka a damtsena, ta wuce ta gaban tagar Iya.

Da wuƙar kankara na riƙa yaƙuto ciyawar ina zubarwa ƙasa, hagu da dama, iya tsawon hannuna. Sannan na ɗauki buta na saita bakinta a kan gindin katakon da ke ɗauke da kwano, wanda ya riga ya kama. Ya yi tsuwa, tururi ya rufe mini ido. Butar ta ƙare. Na sauka na cika ta daga bokiti, na hau. Na sake sauka, abin da ya rage rabin buta ne, har da ɓawon fentin da ya kwanta a gindi. Kowace sauka ta fi hawa wuya, don ƙafa ce take laluben mataki ba ido ba. A hawa na uku ruwa ya ƙare ƙaf, kuma akwai sauran wuri ja a jikin katakon, kamar faɗin tafin hannu, yana haske yana dushewa.

Ba ruwa, sai sana'a. Na kankare shi kamar yadda ake kankare fenti, ina sassaƙe gawayin yana zubowa a hannun rigata, har na kai ga farin katako. Na kwance jiƙaƙƙen ɗankwalin na danna a wurin. Na ɓalle wasu katakai biyu, ɗaya ta kowane gefe, don in ga inda ta tsaya. Na zura hannu har kafaɗa ina jawo ciyawa, da gashin tsuntsu, da ƙwai da suka gasu, har sai da na daina jin ɗumi a yatsuna.

Daga nan na kasa saukowa. Na tsaya a sama, hannu ɗaya a tsani, ɗaya a ƙarƙashin kwano, kuma abin da ya fi komai muni shi ne kwano da rana tsaka a bazara da ma zafi gare shi. Ban san ko zafin rana nake ji ko na wata wutar da ta wuce ciki inda hannuna bai kai ba. Hancina ya cika da ƙauri, ba na iya bambance tsoho da sabo. Jifa-jifa Iya tana tambaya daga ƙasa, "Yaya?" Ina ce mata ban sani ba. Ta ce to, gara da ban yi mata ƙarya ba. Muka ji an tayar da salla, muka ji an sallame, ina nan.

Na ji ƙarar babur a ƙofa, sannan na ji ya faɗi, don Baba bai tsaya kafe shi ba. Ya zo ya dubi baƙar ciyawar da ke warwatse a ƙasa, da katakai uku, da bokiti a kife. Ya dubi igiyar da ke jikin taga. Sai ya ɗora ƙafarsa a matakin ƙasa, ya kama tsanin da hannu biyu, ya ɗaga kai.

"Na riƙe. Sauko a hankali."

Mataki goma sha ɗaya ne. Na ƙirga.

Ya tura mai gadi neman ruwa a babur, shi kuma ya hau ya ɗaga fallen kwano guda ya leƙa. Ya daɗe a can. Da ya sauko ya nuna mini da hannunsa, daga babban yatsa zuwa ƙarami: tazarar da ta rage tsakanin inda baƙin ya tsaya da silin ɗin ɗakin Iya ke nan. Silin ɗin kuwa irin na da ne, mai ci kamar takarda. Ya zauna a kan tudun siminti da rigarsa ta Juma'a.

Bayan la'asar Hajiya ta dawo. Tun daga mota ta hango ramin da ke bakin rufinta, ta fara faɗa, wa ya ce a ɓalle mata katako, da ma an gaya mata. Baba ya miƙe ya ce shi ya kunna fitila ranar da ba a kunnawa, shi ya taɓa ruwan da ba a taɓawa, katako kuma zai mayar. Ba ta saurare shi ba, sai da murya ta fito daga taga.

"Lami, buɗe ƙofar nan tukuna, sannan ki yi faɗan."

Hajiya ta dubi tagar, da ƙarafanta, da baƙin da ya zana bango a samanta. Ta dubi mabuɗin da ke hannunta. Sau uku tana kai shi bakin kwaɗo yana kaucewa, sai mai gadi ne ya karɓa ya buɗe.

Ba ta kira yaran ba. Mun gama gidan da hannu, ba fitila, kwana goma sha ɗaya, baƙinta suka zo suka ga katako tsirara suka tafi. Ƙunar damtsena ta yi wata guda kafin ta warke, tabon yana nan. Baba bai taɓa cewa ya janye dokar mataki na uku ba. Ranar Litinin da safe dai ya miƙo mini wuƙar kankara, ya je ya tsaya a gindin tsani. Tun daga ranar ni ce a sama.

Yanzu in za a kunna fitila a gida, sai na zagaya na ga kowace ƙofa a buɗe, na san ko akwai tsoho ko mara lafiya ko jariri a ciki. Mai gidan da ya ce ba ya barin ƙofa a buɗe saboda ma'aikata, ina ce masa ya zauna ya yi gadin kayansa, ko ya ba maƙwabci mabuɗi ya zo ya zauna. In ya ƙi, in sauke tsanina. An ce ba ni da ladabi, an ce mace ce shi ya sa take da tsoro. E, ina da shi. Wanda ba shi da shi kada ya zo ƙofarmu. Baba kuma duk inda za mu, da jarkarsa ta alwala yake tafiya, cike tun daga Panshekara, ɗaure a bayan babur, har da ta bai wa masu gadi.

Ranar da muka gama na saya wa Iya sabuwar buta, don tata bakinta ya narke ya karkace. Ta karɓi sabuwar, ta turo mini tsohuwar ta tsakanin ƙarafa, ta ce in tafi da ita, ai ta fi ni sanin hanyar sama. Ita ce shuɗiyar da kuke gani rataye a ƙugiya a saman tsanina kuna dariya. Kafin in taɓa ashana, ita nake fara cikawa.